Ƙarshen Ɓarayin Inuwa

Masaƙa ta fara aiki da ɗan gurnani irin na kyanwar da ta ƙoshi. Fitilun jikinta suka koma shuɗaye, hular wayoyin da aka kifa wa Hajiya Tabawa a ka ta ɗan yi ɗumi, sai allon da ya cinye bangon ɗakin ya cika da dishi-dishi. Daga cikin dishi-dishin nan taya ta fara fitowa, sannan ƙafa a kan giya, sannan babur ɗungurungum, baƙi wuluk, yana rawa a bakin wata doguwar gada ta ƙarfe.

"Kada ki matsa wa kanki, Hajiya," in ji Dakta Mairamu Sambo, injiniyar da ta ƙera na'urar. "Ki bar ranar ta zo da ƙafarta."

Tabawa ta zuba wa allon ido. Hannuwan da ke riƙe da kan babur ɗin nata ne, amma na lokacin da take 'yar shekara ashirin, babu tamoji, babu jijiyoyin da suka fito yanzu. Can gefen allon wani mutum ya juyo yana gyara ƙyallen da ya rufe hancinsa. Ya sauke ƙyallen. Yaya Barau ne, da wushiryarsa, da ɗan tabon nan na ƙunar salansar babur a haɓa.

"Ga shi nan," ta ce a hankali. "Wallahi shi ne."

Aikin Masaƙa shi ne cike gurbin abin da ya ɓace a tsofaffin finafinai. Idan wani yanki ya lalace, sai a nemo wanda aka ɗauke shi a gabansa. Siraran wayoyin da ke cikin hular suna sauraren motsin ƙwaƙwalwa a lokacin da mutum yake tuna abu. Na'urar takan ɗauki motsin nan a matsayin zare, ta haɗa da launi da haske da muryoyin da ta koya daga sassan fim ɗin da suka tsira, ta saƙa hoto, ta nuna wa mai tunawar. In ya ga daidai, ƙwaƙwalwarsa za ta amsa tun kafin bakinsa ya buɗe, na'urar ta riƙe. In ya ga kuskure, ta warware ta sake. Haka za a yi ta kai da komo har hoton ya zauna.

Fim ɗin da ake gyarawa sunansa Ɓarayin Inuwa. An yi shi a Kano fiye da shekara hamsin da suka wuce, lokacin Barau yana gyaran babura a Ƙofar Ruwa, ƙanwarsa Tabawa kuma ita ke gwada masa su bayan ya ɗaure, tana ɗaga tayar gaba in ta ga ba kowa. Wani darakta ya gan su ya ɗauke su. Labarin wani birni ne da rana ta yi zafin da mutum ba ya iya tsayawa a fili, wani kamfani ya rufe sama da faifayen ƙarfe, duk unguwar da ta yi masa gardama sai ya yaye mata rufin da tsakar rana. Ɓarayin su ne masu hawa sama da babura suna jawo faifayen su mayar wa talakawa. Barau ne shugabansu. Tabawa ta fito a Tsinke, yarinyar da ba ta magana sai da totur ɗin babur.

Fim ɗin bai karɓu ba. Babu waƙa a cikinsa, babu soyayya, mutane suka riƙa fita daga silima suna tsaki. Ba a jima ba aka sauke shi. Kamfanin da ya yi shi ya ruguje, ambaliya ta shiga ɗakin ajiyarsu ta cinye ainihin kwafin. Abin da ya rage a duniya shi ne wanda wani ɗan kallo ya ɗauka da wayarsa a ɓoye. Ana ganin kawunan mutanen da ke gabansa, ana jin wani yana ɓarar gyaɗa, a tsakiya kuma wani dattijo ya yi dogon tari. Batirin wayar ya mutu daidai lokacin da babur ɗin Tsinke ya bar bakin gada ya shiga iska.

Wannan gurgun kwafin ne ya ƙi mutuwa. Daga waya zuwa waya ya bi ɗalibai, ya bi makanikai da direbobi, har ya zama akwai masu taruwa su kalle shi a gareji ko a bayan shago. Suka haddace kowace kalma. In an zo wurin tarin dattijon, sai duk su yi tari tare. Suka sa wa kansu suna 'Yan Inuwa, suka yi shekara da shekaru suna musu a kan ko Tsinke ta tsallake ko ta faɗa. Da zafi ya tsananta da gaske, har aka shiga gina Babbar Rumfa, rufin gilashi mai tace rana da ya lulluɓe Kano daga Dala har bayan Kumbotso, cikin masu tsara dokarta akwai waɗanda suka tashi da fim ɗin a aljihu. Su suka dage sai da aka rubuta cewa ba a sayar da inuwa, ba a kuma janye ta daga kowace unguwa.

Tabawa ba ta san rabin wannan ba. Ta yi aure a Gusau, ta yi zamanta tana koya wa mata tuƙi, sai bayan rasuwar mijinta ta dawo ta kama ɗaki a wani dogon bene a Ɗorayi. A wurinta fim ɗin abin kunya ne na ƙuruciya, wanda ba ta ko ambata.

Malam Haladu Kwalli ne ya gano ta. Tsohon direban jirgin igiya ne, irin mai tafiya a rataye a saman gari, da ya yi ritaya, shi ne kuma shugaban 'Yan Inuwa. Ranar da ya zo, ya tuɓe takalmi tun daga bakin lif, ya durƙusa ya gaishe ta, sai magana ta maƙale masa. Har ta ɗauka rasuwa aka aiko shi ya faɗa.

"Malam, lafiya dai ko? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Hajiya," ya ce yana share ido da hannun riga. "Ina ɗan shekara goma sha na fara ganin ki a iska. Yau ga ni da jikoki, ban ga kin sauka ba."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ya gama ba ta labarin garejin da tarin da dokar Rumfa, dariyar ta tsaya. Ta daɗe tana duban taga, inda hasken rana ke saukowa a tace, mai laushi kamar na hantsi. Ashe abin da ta binne da hannunta wasu ne suka tono shi suka raine shi, ba su san ta ba, ba ta san su ba.

Ya gaya mata kamfanin Madubi zai fitar da fim ɗin don kallon gida, a gyare, kowane bangon kallo a birnin zai iya ɗaukar sa. Ƙarshen kawai ake nema. Cikin duk waɗanda suka yi aikin, ita kaɗai ta rage.

Sai dai ranar da aka ɗauki ƙarshen ba kamar sauran ranaku take a wurinta ba. Bayan ta yi tsallen, darakta ya ce a huta, ita da Barau suka shige ƙarƙashin motar janareta suka ci gurasa. A nan ya faɗa mata wata magana da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko mijinta. Ba a yi nisa ba ya tafi aikin gonakin hasken rana a Agadas, mota ta kife da su a hanya, ya rasu. Tun daga nan, duk lokacin da duniya ta yi mata ƙunci, ƙarƙashin motar nan take komawa a zuciyarta ta zauna.

Amma da ta dubi dattijon da ke durƙushe a gabanta, ta ce masa ya gaya musu za ta zo.

Zaman farko ya yi mata daɗin da ba ta zata ba. Ta dawo gida tana ta hamdala. Hoton Barau ɗaya ne da ita, shi ma ya koɗe, yanzu ga shi yana motsi, yana ɗaga gira yadda yake yi in zai yi tsokana. A zama na gaba babur ɗin ya tsallake. Ya sauka a kan faifan ƙarfen, tayar baya ta zame, Tsinke ta dafa ƙafa ta miƙe. Ma'aikatan ɗakin, yara matasa da suka san fim ɗin tun suna goye, suka bar kujerunsu suka tsaya. Ɗaya ta juya baya tana kuka. Dakta Mairamu ta cire wa Tabawa hular da kanta.

"Mahaifina ya rasu yana cewa ta tsallake," ta ce. "Abokansa na cewa ƙarya ne. Don shi na fara wannan aikin."

"Allah ya jiƙansa, 'yata. Ya fi su gaskiya."

Bayan 'yan kwanaki, wata safiya Tabawa ta idar da sallar walaha ta zauna a kan darduma, ta ce bari ta leƙa ƙarƙashin motar. Ta rufe ido. Gada ta zo, babur ya zo, tsallen ya zo tsaf, amma ta gefe take ganin kanta, daga inda kyamara take, har da kiɗan da aka ɗora. Ta nemi zafin injin a cinyarta, babu. Ta nemi warin fetur da tsoron da ya cika mata baki, babu. Ta matsa gaba zuwa wurin hutu. Ta san akwai mota, ta san akwai gurasa, ta san ya yi magana. Maganar ce babu, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa aka share.

Ta yini tana nema. Ta dafa gurasa da kanta ko ƙamshin zai jawo, bai jawo ba.

Washegari ta hau jirgin igiya zuwa cibiyar da Masaƙa take, ba ranar zamanta ba. Dakta Mairamu ta saurare ta har ta gama, fuskarta na sauyawa. Ta sa aka auna ta, ta zauna gaban kwamfuta ta daɗe. Da ta juyo, ba ta yi kwana-kwana ba.

"Hajiya, duk lokacin da mutum ya tuna abu, ƙwaƙwalwa kan sauke shi ne ta sake ɗaurewa. Masaƙa na nuna miki hoto daidai lokacin da ƙullin yake kwance. Hotonta ya fi naki kaifi, sai ƙwaƙwalwar ta ɗaure nata ta saki naki, har da abin da ke maƙwabtaka da shi. Da matasa muka yi gwaji, a kan abin da ya faru da su kwanan nan. Ba mu ga haka ba. Ya kamata in yi tunanin tsohon zare ba ɗaya yake da sabo ba."

"Zai dawo?"

"Ba na jin zai dawo. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Tabawa ta gyara mayafinta. Ta ji fushi ya taso, ta nemi wanda za ta ɗora wa, sai ta dubi yarinyar da ke gabanta ta fasa.

"Saura me?" ta tambaya.

"Fitowa ɗaya. Inda Yaya Barau yake magana a kan rufi bayan an jawo faifan. Amma na tsayar da aikin. In muka ci gaba, sauran abin da kike da shi na ranar zai iya bi. Kamfani na da dabarar ƙirƙiro wani ƙarshen, ba wanda zai gane."

"Ni zan gane," in ji Tabawa. "Kira mini Malam Haladu."

Da ya iso, ta sa su zauna su biyu a gabanta, ta ce a kashe duk wani abin naɗar murya. Ta ce abin da ya rage mata na ranar shi ne komawa gida, kuma tana so ta ba su ajiya. Sai ta ba su labari. Yadda Barau ya ce ta gaji, yau shi zai tuƙa, ta hau bayansa. Yadda suka biyo ta Sharaɗa rana na faɗuwa, fentin fim bai gama fita daga fuskarsu ba, yara na bin su suna kiran su aljanu. Yadda mai ya ƙare musu a Gadon Ƙaya suka tura babur ɗin har gida, yana rera wata waƙar banza da ya ƙirƙira a kan darakta da tumbinsa. Ta rera musu waƙar, Haladu na maimaitawa a bayanta har ya riƙe. Ta faɗi yadda innarsu ta tare su a zaure da muciya, ta ga fuskokinsu ta fashe da dariya ta manta faɗan.

"To, kun ji," ta ce. "Wancan na ɓoye shi ni kaɗai, ga yadda ya ƙare. Wannan yana wurinku. Dakta, ɗauko hularki."

"Hajiya, ba dole ba ne."

"Na sani. Mutanen nan sun riƙe mini ɗan'uwana shekara hamsin ba tare da na roƙe su ba. Zan sauke musu shi."

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka saki fim ɗin. 'Yan Inuwa sun dage sai da aka haɗa da tsohon kwafin wayar a cikin ƙunshin, don kada a manta da wanda ya ɗauka, wanda har yau ba a san sunansa ba. Titunan Kano suka yi tsit, jiragen igiya na wucewa babu kowa. A ɗakin Tabawa, maƙwabta sun cika tabarma har bakin ƙofa, Haladu na gefe, Dakta Mairamu ta rakuɓe a bayan mata.

Bangon ya kama. Babu kawunan mutane, babu ɓarar gyaɗa, launi ya fito kamar jiya aka ɗauka. Da aka zo tsakiya, inda injiniyoyi suka goge tarin dattijon, sai benen gaba ɗaya ya ɗauki tari, sama da ƙasa, har ana jiyo na benen da ke tsallaken titi. Tabawa ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Sannan babur ya bar bakin gada. Ɗakin ya ɗauke numfashi a wurin da aka saba ganin duhu. Duhun bai zo ba. Tsinke ta sauka, ta zame, ta miƙe. Aka jawo faifan, inuwa ta bi kan rufin kwano tana rufe unguwa gida bayan gida. Barau ya tsaya a sama, ya sauke ƙyallen hancinsa, ya dubi mutanen da ke fitowa daga ramukansu.

"Ku fito ku zauna," ya ce. "Ba ta kowa ba ce."

Ba wanda ya yi tafi. Wata tsohuwa ta ce Allahu akbar a hankali. Haladu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi.

Da mutane suka watse, Tabawa ta tsayar da shi a bakin ƙofa.

"Malam Haladu, an ce na ba ka ajiya."

Ya koma ya zauna. Ya ba ta labarin Sharaɗa da yaran da ke kiran aljanu, da man da ya ƙare a Gadon Ƙaya, ya rera waƙar darakta da muryarsa mai kaushi. Ta saurara kamar labarin wata yarinya ce da ba ta taɓa gani ba. Bai taɓo komai a cikinta ba, amma ya yi mata daɗi, kuma ta yarda haka Barau zai yi.

"Ashe mun ji daɗi ranar," ta ce.

"Kun ji, Hajiya."

"To alhamdu lillahi. Ka riƙa zuwa kana ba ni."

Fim ɗin ya zaga ƙasa, ya tsallaka har inda ba a jin Hausa. Bayan wasu makonni Dakta Mairamu ta roƙi Tabawa ta zo cibiyar. Tun daga tasha ta ga layi, tsofaffi maza da mata zaune a kan bencina, wasu da sanduna, wasu a keken guragu, layin ya zagaye ginin. A ofishinta na sama, Dakta ta ja labule ta nuna mata su.

"Kamfani ya ga abin da ya faru, yanzu babban aiki suke so," ta ce. "Za su saƙa tsohuwar Kano gaba ɗaya, ta kafin Rumfa. Kasuwanni, lunguna, bukukuwa, muryoyin masu talla. Kowa ya shiga ya yi yawo daga ɗakinsa. Tsofaffi suke nema."

"An gaya musu abin da ke biyo baya?"

"Na ƙi taɓa na'urar sai da aka yarda a gaya wa kowa baki da baki. Ana gaya musu. Kaɗan ne ke juyawa. Suna cewa gara jikokinsu su gani. Shugabannin kamfanin kuma na cewa daga yanzu ba abin da zai ƙara ɓacewa a garin nan."

Tabawa ta dafa gilashin tagar tana duban layin. Ba za ta iya cewa sun yi wauta ba, ita ma da ƙafarta ta koma.

"'Yata, ni ba ni da abin cewa sai godiya. Kin nuna mini fuskar Yaya, kin sa na san ba a banza muka sha rana ba. In da za a sake, zan sake." Ta juyo ta dube ta. "Amma ni ɗaya ce, kuma rana ɗaya na bayar. Waɗannan garin ne gaba ɗaya a kansu. In kun gama kwashe su, na'urarki ta yi kuskure a wani lungu, wa za ku tambaya ko haka garin yake?"

Dakta Mairamu ta mayar da idonta kan layin.

A ƙasa mai gadi ya kira na gaba. Wani tsoho ya miƙe da ƙyar yana dogara sanda, ya cire hularsa ya riƙe a hannu tun kafin ya kai ƙofa.